Hayar Shago a Yola da Jimeta: Kariyar da Doka Ta Bai wa Ɗan Kasuwa da Giɓin da Ya Rage

Da yawa daga cikin masu shaguna a Jimeta da cikin garin Yola ba su ne suka mallaki ginin da suke kasuwanci a ciki ba. Haya suke biya, galibi shekara-shekara, kuma kafin a shiga ake biya. Tela ko mai kemis ko mai sayar da kayan gyaran mota yakan shafe shekaru yana tara abokan ciniki a wuri guda, har wurin ya zama wani ɓangare na jarinsa. Ranar da wa'adin haya ya cika, tambayar da ke gabansa ita ce ko yana da haƙƙin ci gaba da zama, ko kuwa sai abin da mai gini ya ga dama. Wannan shi ne batun da masana shari'a ke kira tabbacin zaman ɗan hayar kasuwanci, kuma ƙasashe sun sha bamban a kan yadda suka warware shi.

Yadda wurin kasuwanci ya yi daraja

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841 a matsayin hedikwatar masarautar Fombina. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a bakin Kogin Binuwai, inda jiragen ruwan 'yan kasuwa ke tsayawa, kuma bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901 sai harkokin mulki da ciniki suka riƙa komawa can. Zaman Yola babban birnin Jihar Gongola a 1976, sannan na Jihar Adamawa daga ranar 27 ga Agusta, 1991, ya jawo ma'aikatu da bankuna da manyan makarantu. A yau Jimeta ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsohon gari kuma na Yola ta Kudu.

Abubuwa biyu sun ƙara matsa lamba a shekarun baya-bayan nan. Na farko shi ne kwararar jama'a bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da 'yan kasuwa daga arewacin jihar suka nemi mafaka da wurin sana'a a Yola. Na biyu shi ne tsadar rayuwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Mai gini da ke sayen siminti da rodi a sabon farashi yana son haya ta tashi, shi kuma ɗan haya cinikinsa bai tashi daidai da haka ba. A manyan tituna irin su Galadima Aminu da Mohammed Mustapha, da kewayen Babbar Kasuwar Zamani ta Jimeta da tashar Jambutu, inda masu neman shago suke da yawa, rinjaye yana hannun mai gini.

Wa ke da ikon yin doka

Dangantakar mai gini da ɗan haya ba ta cikin jerin batutuwan da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya. Majalisar dokokin kowace jiha ce ke da hurumi a kai, Majalisar Tarayya kuma ta Abuja kaɗai take yi wa. Saboda haka duk wani gyara da zai shafi shagunan Jimeta daga Majalisar Dokokin Jihar Adamawa zai fito.

Sai dai akwai dokar tarayya da ke ƙarƙashin komai, wato Dokar Amfani da Filaye ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta kariya ta musamman. Ta ɗora dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, tsarin da Arewa ta riga ta saba da irinsa tun dokar filaye ta 1910 da ta 1962. Ma'anar haka ita ce shi kansa mai ginin izinin zama yake riƙe da shi. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin mai irin wannan izini ya sayar, ya jinginar ko ya ba da hayar filin, ya kuma fayyace cewa amincewa da hayar farko ba ta nufin an amince da sabuntawa. Sashe na 28 ya bai wa gwamna ikon soke izinin zama saboda maslahar jama'a, kamar faɗaɗa titi ko gina gada. Diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa tana lissafa gine-gine da amfanin gona da kuɗin ƙasa da aka biya a shekarar. Asarar abokan ciniki da ɗan hayar shago ya yi ba ta cikin lissafin.

Kasuwanni suna da nasu tsarin. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya sanya kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ko da yake gwamnatocin jihohi ma suna gina manyan kasuwanni su raba shaguna.

'Yan haya iri uku

Wanda ya karɓi haya kai tsaye daga mai gini a bakin titi ko a rukunin shaguna shi ne ɗan haya cikakke a idon shari'a, kuma dokar karɓar gini tana aiki a kansa.

Wanda hukuma ta bai wa shago ko rumfa a kasuwa, matsayinsa ya dogara ga abin da takardar rabon ta ƙunsa. Shari'a tana bambanta haya da izinin amfani. Haya tana ba mutum ikon keɓantuwa da wuri na tsawon wani lokaci, izini kuwa ana iya janye shi bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Idan takardar izini ce kawai, kariyar da mai riƙe da ita yake da ita ba ta kai ta ɗan haya ba.

Na uku shi ne wanda ya yi haya daga hannun wanda aka bai wa shagon kasuwa. Sunansa ba ya cikin rajistar hukuma, kuma sau da yawa sharuɗɗan rabon sun hana ba da haya ba tare da izini ba. Idan gobara ta tashi aka sake gina kasuwa, ko aka yi rajistar waɗanda za a tallafa wa, wanda sunansa ke kan takarda ake nema, alhali kayan wanda ke cikin shagon ne suka ƙone. Shi ne mafi rauni a cikin ukun.

Matakan karɓar shago a shari'a

Dokokin karɓar gini da jihohi ke aiki da su sun samo asali ne tun zamanin mulkin mallaka, kuma jihohin Arewa sun gaji nasu daga dokokin tsohuwar Jihar Arewa. Ginshiƙinsu ɗaya ne: kotu kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya.

Mataki na farko shi ne notis na kawo ƙarshen haya. A dokar da ke aiki a Abuja, wadda ta yawancin jihohi ke kama da ita, idan ɓangarorin ba su ƙayyade wani wa'adi a yarjejeniya ba, mai hayar mako yana da mako ɗaya, mai hayar wata yana da wata ɗaya, mai hayar wata uku yana da wata uku, mai hayar shekara kuma wata shida. Idan hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce kuma ya cika, ba a buƙatar wannan notis. Mataki na biyu shi ne sanarwar kwana 7 cewa mai gini yana da niyyar zuwa kotu. Na uku shi ne shigar da ƙara, sannan ma'aikatan kotu su zartar da hukunci. Kafin hukuncin ya fito ɗan haya yana nan a ƙarƙashin kariyar doka, amma zai biya kuɗin kwanakin da ya ƙara.

Kulle shago da kwaɗo, cire ƙofa ko kwano, ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba, duk saɓa doka ne, kuma ɗan haya yana iya neman diyya a kai. Kotun Ƙoli ta yi tir da irin wannan ɗaukar doka a hannu a shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Cif Odumegwu Ojukwu a 1986, inda ta nuna cewa gwamnati ma ba ta da wannan iko. A ɗaya ɓangaren kuma, masu gine-gine sun daɗe suna kukan cewa ana amfani da ƙananan kurakuran notis wajen jan shari'a. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, wadda ta shafe fiye da shekara 25 a kotuna, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa isar da sammaci ga ɗan haya yana iya gyara kuskuren da ke cikin notis, matsayin da lauyoyi ke ci gaba da muhawara a kan iyakarsa.

Giɓin da ya rage

Duk wannan kariya ta tsari ce. Tana jinkirta fitarwa, tana hana amfani da ƙarfi, amma ba ta bai wa ɗan kasuwa haƙƙin sabunta haya. Idan mai gini ya bi matakan daidai, yana iya karɓe shagonsa daga wanda bai taɓa saɓa biya ba, ya ba wani mai irin sana'ar, sabon ya gaji abokan cinikin da na farko ya tara. Dokokin ƙayyade kuɗin haya da gwamnatocin soja suka kafa tun daga shekarun 1970 sun fi mayar da hankali ne ga gidajen zama.

Illar wannan ta wuce kan mutum ɗaya. Wanda bai san ko zai kai baɗi a wuri ba, ba zai kashe kuɗi wajen sanya sola ko firji ko gyaran shago ba. Barazanar ƙin sabuntawa kuma tana sa ya karɓi duk ƙarin da aka yi masa, tunda tashi ya fi ƙarin tsada. Biyan shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, haɗe da la'adar dillali da kuɗin lauya, yana cinye jarin da ya kamata ya shiga kaya.

Abin da Legas ta yi

Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta haɗa gidajen zama da wuraren kasuwanci, ban da unguwannin Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA. Ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya ko mai hayar shekara, da fiye da na wata shida daga mai hayar wata, tare da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Ta bai wa ɗan haya damar kai ƙarar ƙarin haya da ya wuce kima, kotu ta duba abin da ake biya a makwabta. Ta tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya yi korar ƙarfi. Ta kuma ce wanda ya gyara gini da rubutaccen izinin mai shi yana iya neman diyya idan aka sallame shi. Duk da haka ba ta samar da haƙƙin sabuntawa ba, kuma ƙarancin gine-gine ya sa masu neman wuri sukan yarda su biya fiye da ƙa'ida.

Tsallaken iyaka: Kamaru da Nijar

Ɗan kasuwar da ke Garwa, a kan Kogin Binuwai ɗaya da Jimeta, yana ƙarƙashin wani tsari dabam. Kamaru da Nijar da Chadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome a Disamban 2010, ta ce ɗan hayar da ya gudanar da sana'arsa a wuri bisa sharuɗɗa na aƙalla shekara 2 ya sami haƙƙin sabuntawa, kuma babu wani sharaɗin yarjejeniya da zai iya soke wannan haƙƙi. Sabuwar hayar ba ta gaza shekara 3. Wajibi ne ɗan haya ya nemi sabuntawa wata 3 kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba ya yi asarar haƙƙinsa.

Mai gini yana iya ƙi, amma zai biya diyyar fitarwa. Idan ba a daidaita ba, kotu ce ke yankewa bisa la'akari da yawan ciniki, jarin da ɗan haya ya zuba, matsayin wurin da kuɗin ƙaura. Ba a biyan diyya idan ɗan haya ya yi babban laifi, ko idan za a rushe ginin a sake gina shi, amma a nan tsohon ɗan haya ne ke da fifiko a sabon ginin. Tsarin ya ɗauko ruhinsa daga dokar Faransa ta 1953, kuma shi ne ke aiki a Maraɗi da Damagaram.

Muhawarar Ingila

Najeriya ta gaji tsarin shari'arta daga Ingila, amma ba ta ɗauko dokar 1954 da ta kare 'yan hayar kasuwanci a Ingila da Wales ba. A ƙarƙashinta haya ba ta mutuwa da cikar wa'adi, kuma ɗan haya yana iya neman kotu ta ba shi sabuwa, har zuwa shekara 15, a kan farashin kasuwa. Dalilai 7 ne kawai mai gini zai iya kafa hujja da su, ciki har da yawan jinkirin biya, barin gini ya lalace, niyyar rushewa da sake gini, ko niyyar mai ginin ya yi amfani da wurin da kansa. Inda ɗan haya ba shi da laifi ana biyansa diyya, wadda ke ninkawa idan sana'ar ta kai shekara 14 a wurin.

Tun 1969 aka ba ɓangarorin damar amincewa su fita daga kariyar tun kafin a ƙulla haya, aka kuma sauƙaƙa hanyar yin hakan a 2004. A Nuwamban 2024 Hukumar Gyaran Dokoki ta ƙasar ta buɗe jin ra'ayin jama'a a kan zaɓi huɗu: a wajabta kariyar ga kowa, a soke ta, a bar ta ga wanda ya nema, ko a ci gaba da tsarin yanzu. A Yunin 2025 ta bayyana cewa ta karkata ga riƙe tsarin yanzu, tare da cire gajerun hayoyi da ba su wuce shekara 2 ba daga kariyar, maimakon wata 6.

Matsayin fiƙihu

Mazauna Yola da Jimeta da dama suna kai irin wannan saɓani gaban malamai ko kotunan yanki. A mazhabar Malikiyya hayar da aka ƙayyade wa'adinta da kuɗinta ƙulli ne mai ɗaure ɓangarorin biyu, kuma mutuwar ɗayansu ko sayar da ginin ba ya warware ta. Hayar wata-wata da ba a yanke mata iyaka ba kuwa, kowa yana iya janyewa sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Game da kuɗin da ake ba ɗan haya domin ya bar shago, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1988 cewa ya halatta idan akwai sauran wa'adi da zai sadaukar, bai halatta ba bayan wa'adi ya cika, domin a lokacin mai gini ya fi kowa haƙƙi da abinsa. Duk wani gyara da zai tilasta sabuntawa sai ya yi la'akari da wannan fahimta.

Tambayoyin da gyara zai amsa

Ta farko ita ce ko kariyar za ta zama dole kamar ta OHADA, ko ta zaɓi kamar ta Ingila. Inda masu neman shago suka fi shagunan yawa, kariyar zaɓi tana iya zama suna kawai, domin kowane mai gini zai sa sharaɗin fita. Kariyar dole kuma tana iya sa masu gine-gine su koma ba da gajeriyar haya, su ƙi rubuta yarjejeniya, ko su ɗora tsadar a kan kuɗin shiga. Ba kowane mai shago ne attajiri ba. Akwai 'yan fansho da zawarawa da magada da hayar shago biyu ko uku ce abincinsu, kuma dokar da za ta hana su karɓar wurinsu domin ɗansu ya fara sana'a za ta gamu da turjiya.

Ta biyu ita ce farashi. Haƙƙin sabuntawa ba shi da amfani idan mai gini zai iya ninka haya har ɗan haya ya tashi da kansa. Kotu kuma ba za ta iya tantance farashin kasuwa ba sai da bayanan abin da ake biya a unguwa, wanda ke buƙatar rajistar hayoyi da ƙwararrun masu kimanta kadarori.

Ta uku ita ce kasuwannin gwamnati: ko za a yi rajistar wanda ke cikin shago tare da wanda aka bai wa, da kuma wa zai sami fifiko bayan gobara ko sabunta gini. Ta huɗu ita ce saurin shari'a, domin jinkiri yana cutar da kowane ɓangare. Dokar Sasanci da Sulhu ta tarayya ta 2023 ta ƙarfafa matsayin yarjejeniyar sulhu, kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni sun daɗe suna wannan aiki ba tare da an rubuta ba.

Abin da yarjejeniya za ta iya yi tun yanzu

Abin da doka ba ta bayar ba, yarjejeniya tana iya bayarwa, kuma kotuna suna zartar da ita. Ɗan haya yana iya neman a rubuta masa zaɓin sabuntawa, tare da ranar da zai nema da yadda za a ƙayyade sabon farashi, domin sharaɗin da ya bar farashi a buɗe yakan jawo jayayya. Ya kamata a rubuta tsawon notis, wanda ke da alhakin gyara, makomar haya idan gobara ko ambaliya ta lalata ginin, da izinin duk wani gyara da za a kashe wa kuɗi. Rasit na kowane biya shi ne hujjar irin hayar da ake yi, kuma daga shi kotu ke gane tsawon notis ɗin da ya dace. Hayar da ta wuce shekara 3 tana buƙatar a ƙulla ta ta hannun lauya a kuma yi mata rajista. Mai karɓar shago a kasuwa daga hannun wani kuwa, ya kamata ya ga takardar rabon da idonsa, ya tabbatar hukumar kasuwa ta san da zamansa kafin ya biya.